Mu da Muka Tsare Gida: Labarin Rayuwata a Tawa

An haife ni a unguwar Bilbis cikin garin Tawa a Jamhuriyar Nijar, a nan na yi wayo, a nan aka ɗaura mini aure, kuma in ban da zuwa Yamai jinya da ziyarar dangi a Ƙonni da Kaita, ban taɓa yin nisa da wannan gari ba. Yanzu na haura shekara hamsin, ina da jikoki, kuma aikina shi ne koya wa manyan mata karatu da rubutu da Hausa a ajin yaƙi da jahilci. Duk wanda ya san ƙasar Adar, inda Tawa take, ya san mazanta matafiya ne. Mahaifina ɗan biɗa ne, wato mai fita neman kuɗi a wata ƙasa, maigidana ɗan biɗa ne, ga shi ɗana na fari ya bi sawunsu. Ana yawan yaba wa waɗannan maza, ana nuna gidajen siminti da benayen da suka gina da kuɗin Abijan da na Libiya, kuma wallahi sun cancanci yabon, domin na ga tafin hannun maigidana, na san irin wuyar da ya sha. Amma ban cika jin ana ba da labarin matan da suka zauna suka tsare gidajen ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuta nawa tun idona yana gani.

Tsofaffinmu sun ce Tawa ƙauyuka biyu ce tun asali, Bilbis da Fakawa, har suka haɗe suka zama gari ɗaya. Tawar da na buɗe ido a cikinta gari ne na gidajen laka da rumbuna a tsakar gida, inda yarinya za ta fito daga unguwarmu ta isa bakin gonaki ba ta gaji ba. Ƙidayar 2012 ta sami mutum kusan 150,000 a birnin, kuma tun daga nan unguwanni sai ƙara miƙewa suke yi, har wuraren da muka yi kiwon awaki sun zama filayen gini. Abin da bai sake ba shi ne ƙasar kanta. Adar ƙasa ce ta duwatsu da faƙo, damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, kuma ko a shekarar albarka hatsin da magidanci ya noma da wuya ya kai iyalinsa wata damina. Saboda haka da an gama girbi, an ɗaure damma an zuba a rumbu, sai tasha ta cika da maza da jakunkunansu, wasu su nufi Kodebuwa, wasu Najeriya ko Kamaru, wasu su yi arewa ta hanyar Agadas. Babu mai ganin wannan a matsayin gudun gida. Saurayin da ya kai munzali bai taɓa fita ba, shi ne ma ake yi wa kallon wanda bai san ciwon kansa ba.

Mahaifina bai yi boko ba, amma wahalar neman mai rubuta masa wasiƙa a Abijan ta sa ya ƙudurta sai ya sa ɗaya daga cikin 'ya'yansa lakwal, kuma da yake yayyena maza duk suna gaban malam a makarantar allo, rabon ya faɗo kaina. Tun ina aji huɗu na zama mai karanta wasiƙun unguwa. Direbobi da 'yan gari masu dawowa ne ke kawo su a naɗe cikin leda, wani lokaci da kuɗi a ciki, wani lokaci kuma da kaset wanda mutum ya ɗauki muryarsa yana gaida kowa da kowa. Sai a aiko yaro ya ce da mahaifiyata, "Inna ta ce a ara mata 'yar lakwal ta duba mata takarda." In je in zauna a bakin tabarma, in karanta Faransancin da marubucin kasuwa ya rubuta, in mayar musu da Hausa, a ba ni dabino ko dala biyu.

A wannan zama na ga wani abu da sai da na girma na gane nauyinsa. Kusan dukkan wasiƙun, ga uwa ko ga babban wa ake aiko su, kuma kuɗin ma a hannunsu yake sauka. Za a ce a ba Inna kaza, a sayi buhun hatsi, a biya lanho, wato haraji, a gyara katangar da ruwa ya ci, sannan can a ƙarshe a ce ana gaida iyali. Matar mai wasiƙar tana can bakin murhu ko bayan ƙofa, ta kasa kunne tana yi kamar ba ta ji, domin kunya ba ta bar ta ta matso ba, shi ma kunya ba ta bar shi ya ambace ta a gaban mahaifiyarsa ba. Sau da yawa idan na fito sai ta tare ni a zaure ta ce a hankali, "Ƙanwata, bai faɗi ranar da zai zo ba?" Na ga matan da suka shekara uku, huɗu suna yi mini wannan tambaya.

A 1984 ruwa ya ƙi, hatsi ya bushe a tsaye tun bai fitar da kai ba. A shekarar ce kuma gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, hanyar da abinci ke shigo mana ta toshe, har mutane suka sa wa yunwar suna El Buhari. Buzaye da Fulani suka gangaro daga Azawak bayan dabbobinsu sun ƙare, suka kafa bukkoki a gefen gari, mutanen da jiya suke da garke suka koma bin gidaje neman dusa. Mun ci jar dawar taimako, mun ci ganyayen da a da awaki kaɗai muke ba su. Mahaifina yana Abijan, saƙonsa yana zuwa jefi-jefi, kuma mahaifiyata ce ta riƙe mu da sayar da kwanonin aurenta ɗaya bayan ɗaya. A wannan shekara aka soma babban aikin farfaɗo da ƙasa na Kaita, wanda Italiya ta ɗauki nauyinsa, ana biyan ma'aikata da abinci. Goggona tana cikin waɗanda suka yi shi, kuma ta sha gaya mini cewa mafi yawan masu ɗaukar duwatsu a ka, suna jera su a kan tuddai don tare ruwa, suna haƙa ramukan dasa itatuwa, mata ne, saboda mazan duk sun fita. Duk wanda ya bi ta Kaita yau ya ga itatuwa a inda dā tsandauri ne, ya sani wuyan mata ne ya ɗauki duwatsun.

An ɗaura mini aure jim kaɗan bayan babban taron ƙasa na 1991, aka kai ni wani babban gida inda surukata take zaune da 'ya'yanta maza da matansu. Maigidana yana sayar da katako a Abijan tare da 'yan garinmu, kuma ko wata biyu ba mu cika tare ba ya koma. Rayuwar gidan a tsare take. Kafin kiran assalatu an tashi, a yi sussuka da surfe da daka, domin a lokacin injin niƙa bai yawaita ba, a dama hura da nonon da Fulani ke kawowa, a share gida, a ba dabbobi ruwa, da yamma a ɗora tuwo. Idan damina ta faɗi kuma mazan ba su samu dawowa ba, mu da yara da tsofaffi ne a gona, daga shuka har noman farko da maimai, sai dai in an aiko da kuɗin 'yan ƙwadago.

Amma duk ayyukan nan babu wanda ya kai ruwa cin rai. Ruwan Tawa yana da nisa a ƙarƙashin ƙasa, kuma daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, famfo kan yini a bushe, sai tsakar dare ya soma tsiyaya. Mukan jera bokitai da tuluna a ƙarƙashinsa mu kwanta kusa, barci rabi da rabi, kunne yana jiran ƙarar ɗigon farko. Wadda ta makara ta rasa, sai ta sayi na 'yan garuwa, su kuwa a bazara kuɗin jarka ninkawa yake yi, kuma ba na ganin laifinsu, domin su ma layi suke kwana a kai, sannan su turo kura cikin rairayi da rana tsaka. Mace mai goyo, mai wankin tsummoki, mai tsohuwa a ɗaki da ke bukatar ruwan alwala da na wanka, ita ta san abin da jarka ɗaya take nufi. An ƙara rijiyoyin burtsatse da tankuna daga baya, abin ya yi sauƙi a wasu unguwanni, amma har gobe akwai inda mata ke kwanan famfo idan bazara ta tsananta.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Kodebuwa da Nijar kuɗi ɗaya suke ci, don haka abin da ake aiko mana bai ƙaru da ko dala ba, alhali duk abin da ke zuwa daga waje, musamman magani, ya tashi. Shekara ta zagayo, a bazarar 1995, annobar sanƙarau ta shiga ƙasa ta kashe dubban mutane. Ɗiyata ta biyu, wadda ba ta daɗe da soma tafiya ba, ta kwana da zazzaɓi mai zafi, da la'asar na ga wuyanta ya ƙage. Kuɗin da maigidana ya aiko suna hannun yayansa, shi kuwa ya tafi cin kasuwar ƙauye, ba zai dawo ba sai washegari. Na durƙusa gaban surukata na ce, "Inna, ki yi mini izini in kai ta likita." Ta ce, "Ki yi haƙuri 'yata, bari yayanku ya dawo, kin san komai a hannunsa yake." Ba mugunta ce ta sa ta faɗi haka ba, tsohuwar ta kwana zaune tana tofa wa yarinyar addu'a, hawaye na zuba. Haka tsarin gidan yake, ita ma haka ta tarar. Da gari ya waye na cire 'yan kunnena na kai wa maƙwabciya jingina, na goya yarinyar na tafi, aka karɓe mu aka yi mata allura, amma kafin azahar Allah ya karɓi abarsa.

Na yarda kwananta ne ya ƙare, kuma ban taɓa ɗora wa wani alhakin ranta ba. Sai dai daren nan da na kwana da 'yata a cinya, kuɗin ubanta suna cikin gidan a kulle a akwatin wani, bai taɓa fita daga zuciyata ba. Ni da kaina na rubuta wa mahaifinta wasiƙar rasuwar, wadda ita ce ta farko da na taɓa aika masa da sunana, kuma sai da ta yi makonni kafin ta isa hannunsa. Da ya zo gida na bari aka gama karɓar gaisuwa, sannan wani dare na ce masa, "Malam, ina roƙon abu ɗaya. Duk abin da za ka aiko wa Inna da Yaya ka ci gaba da aikowa, amma ka ware na ciwon yara ka sa a hannuna." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce to. Ya cika alkawari, ko da yake a ɓoye yake ba wani amintaccen direba ya kawo mini, don kada a ce mace ta raba shi da 'yan'uwansa. Sai a 2006 gwamnati ta ɗauke wa iyaye kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma ko da yake ba kullum ake samun maganin a wurin ba, na san uwaye da yawa da wannan doka ta ba su ƙarfin fita da yaro ba tare da jiran kowa ba.

Abin da ya tsayar da ni da ƙafafuna shi ne asusun mata. Adashe dai mun gāje shi, amma tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ya zo mana da wani abu dabam. Mukan taru kowane mako a gidan ɗaya daga cikinmu, kowa ta zuba abin da aka yanka, a sa a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu. Mai bukata ta ci bashi ta biya da ɗan abin da aka amince a kai, a ƙarshen zagaye a fasa a raba. Da yake ni ce mai karatu, aka ba ni riƙon littafi, kuma daga nan ne matan suka fara cewa in koya musu rubuta sunayensu da lambobi don su riƙa duba lissafinsu da idonsu. Asalin aikin da nake yi yau ke nan. Da bashin farko na sayi tunkiya biyu na yi kiwo, na sayar gab da babbar Salla, na sake saye, a hankali har na mallaki firij na soma sayar da ƙanƙara da lamurje da zoɓo.

Ranar Lahadi ce babbar kasuwar Tawa, kuma a can na koyi abin da lakwal ba ta koya mini ba. Tun da hantsi amalanke da motocin ƙauye ke shigowa, ga raƙuma da shanu da tumaki daga arewa, ga cuku da Buzaye ke kawowa, ga albasar Galmi buhu kan buhu, ga busasshen kifin Tabalak, ga dabino da kanwa da tabarmin kaba. Na koyi duba haƙoran tunkiya da taɓa gindin wutsiyarta kafin in yi tayi, na koyi cewa hatsi a lokacin kaka ake sayensa a ajiye, domin kuɗin tiya a watan Yuli ba ya kama da na watan Nuwamba. Yawancin masu sayen tiya ɗaya, tiya biyu a wannan kasuwa mata ne irina, kowace da 'yan kuɗinta a ƙulle a bakin zane, tana lissafin yadda za su kai ta zuwan saƙo na gaba.

Ranar 19 ga Satumba 2002 yaƙi ya ɓarke a Kodebuwa, ƙasar ta rabu biyu, hanyar Buwake da motocinmu ke bi ta yanke. A Tawa babu gidan da bai girgiza ba. Safe da yamma muna kewaye da rediyo muna sauraron sashen Hausa na BBC da Muryar Amurka da Jamus, kuma duk wanda ya sauka a tasha sai mata sun yanyame shi da tambayar nasu. Baƙi sun sha tsangwama a can, an ƙona wa wasu rumfuna, an ƙwace wa wasu abin da suka tara. Maigidana ya dawo ta Gana da jaka ɗaya a kafaɗa, jarin shekaru ya tafi. A nan na ga wani ciwon da ba a cika faɗa ba, wato na namijin da ya saba aikowa, yau ga shi zaune a gida yana kallon matarsa tana cefane. Ya rage magana, ya rage cin abinci, yana fita tun safe don kada a gan shi zaune. Ban taɓa bari yara su gane daga inda kuɗin tuwo ke fitowa ba, nakan ba shi a ɗaki shi kuma ya miƙo mini a gabansu. Da ya yanke shawarar gwada Libiya, rabona na asusu da tumaki biyu ne suka zama kuɗin motarsa zuwa Agadas, daga can ya bi ta Dirku ya shiga sahara, muka yi wata da watanni ba mu ji ɗuriyarsa ba kafin ya kira daga Sabha.

Yana can aka yi yunwar 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa sun lalata daminar 2004. Jihar Tawa tana cikin inda abin ya fi tsanani, buhun hatsi ya kai wajen jikka 30, wato sefa 30,000, mutanen ƙauye suka koma cin anza, 'ya'yan wani itacen daji, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita. A wannan karo kuɗin Libiya ne suka cece mu, mu da surukata da gidan yayansa baki ɗaya, kuma ina faɗin haka ne don kada wani ya ɗauka ina raina tafiyar mazanmu. Ba don ita ba da gidaje da yawa sun watse. A 2011 kuma yaƙi ya ci Libiya, 'yan Nijar fiye da 200,000 suka kwararo gida, maigidana yana cikinsu, ya rame, bayansa ya lalace da ɗaukar siminti. Daga nan bai sake fita ba. Muka haɗa abin da ya tsira da shi da abin da na tara, muka buɗe ɗan shago a ƙofar gida, inda yake zama har yau. Idan na haɗa dukkan zaman da muka yi a ɗaki ɗaya kafin wannan dawowa, bai kai rabin shekarun aurenmu na lokacin ba, kuma sai da furfura ta fito mana muka fara sanin halin juna da gaske.

Garin ma ya sake kama a gaban idona. Wayar salula ta kashe wasiƙa da kaset, kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza suka maye gurbin direbobi, har ya zama mutum zai tura daga Abijan da safe a karɓa a Tawa kafin azahar. 'Yan kabu-kabu da adaidaita sun cika titi, samari sun kafa fada a kowace kusurwa suna dafa shayi. Da aka yi bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba 2017 a nan, wanda aka kira Tawa Sakola, a zamanin shugaba Mahamadou Issoufou, an shimfiɗa kwalta an kafa fitilu a manyan hanyoyi, gari ya yi kyan gani, ko da yake lungunanmu na cikin unguwa suna nan da rairayinsu da kwatarsu. Lokacin kokowa kuwa gari kan ɗauki harama, domin a Tawa aka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975, kuma har tsofaffin mata ba a bar mu a baya ba wajen zama gaban talabijin. Amma a wurina babu canjin da ya kai buɗe jami'a a 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan masanin tarihi Djibo Hamani. Ɗiyata ta uku a can ta karanta harkar tattalin arziki, tana kwana a ɗakina tana zuwa aji da safe. Da a ce sai ta je Yamai, nisan kilomita fiye da 500, na tabbata dangin ubanta ba za su yarda ba.

Shekarun nan na baya ba su zo mana da sauƙi ba. A watan Maris na 2021 'yan bindiga suka kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya, a cikin jiharmu, kuma tun daga nan hankalin masu bin hanyoyin arewa bai kwanta ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka da Najeriya, aka yanke wutar da ke zuwa daga can, kayan da ke shigowa ta Ƙonni suka yi wuya, shinkafa da mai da magani suka hau. Sana'ata ta ƙanƙara ta tsaya cik na tsawon lokaci saboda rashin kuran, wato wutar lantarki, na koma ga kiwo da ɗan abin da ajin karatu ke kawowa. A cikin wannan matsi ne ɗana na fari, wanda ya yi karatu har ya sami birbe, takardar gama ƙaramar sakandare, amma bai sami aikin yi ba, ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, ina neman albarkarki, zan tafi Abijan wajen kawu." Ya riga ya yi aure, matarsa tana da goyo. Raina bai so ba, amma ban ga abin da zan nuna masa a nan in ce ya zauna dominsa ba, kuma na san ubansa da kakansa ta wannan hanya suka ciyar da mu.

Na sa masa albarka, amma na kafa masa sharaɗi a gaban mahaifinsa. Na ce duk abin da zai aiko na cefane da na jinya, ya aika da sunan matarsa kai tsaye, ba da sunana ba, ba da na ubansa ko na ƙaninsa ba, kuma in yana da abin da zai ba mu, ya aiko shi dabam. Na ce ya riƙa kiran ta a wayarta, kada ya kira ni ya ce in gaishe ta. Na kuma ce kada ya wuce damina biyu bai zo ya ga iyalinsa ba, ko da hannu wofi zai zo. Kafin ya tafi na raka yarinyar da kaina aka yi mata kardante, wato katin shaida, domin ba a ba mutum kuɗi a wurin karɓa sai da ita, sannan na sa ta a ajina, yanzu tana karanta saƙon da ke shigowa wayarta, tana rubuta abin da ta kashe a ɗan littafi, ta kuma shiga asusunmu da zubinta. Na gaya mata ko tsakar dare ne jikana ya yi zafi, ta goya shi ta fita, ta faɗa mini a hanya ko bayan ta dawo.

Wannan tsari bai yi wa kowa daɗi ba. Wasu daga cikin dangin maigidana sun ce na sangarta suruka, na zubar da girmana na uwa, wata ƙanwarsa ma ta zo har ɗakina ta ce, "Yaya, yau ke ce za ki zauna surukarki tana riƙe da kuɗin ɗanki?" Na ce mata ni ce, kuma ni na nema. Maigidana bai sa baki a gardamar ba, amma da aka kai ƙara wurinsa ya ce abin da na yi da saninsa na yi shi. A ajina yanzu akwai matan 'yan biɗa da dama da surukansu suka bari su zo, akwai kuma waɗanda aka hana, kuma idan an gama girbin bana, ni da wasu mata biyu na asusunmu mun shirya bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya mu zauna da tsofaffin mu roƙe su.